Dabarar sitika ga masu ƙananan yara

Iyaye, ku daina biyan kuɗin hoton katun a jikin jaka ko gorar ruwa.
Ku sayi marar hoto mai ƙarko, ku manna mata sitikar jarumin da yaronku yake so.

Ɗan shekara 3 zuwa 4 fuska da launi yake kallo. Da ya hango gwaninsa, a wurinsa kayan sun fi kowanne kyau. Shi ya sa kamfanoni ke tsawwala farashi.
Ku bar shi ya zaɓi sitikar, ya manna da hannunsa, zai fi riƙe ta da daraja.

Amma daga shekara 5 zuwa 6 dabarar tana fara sanyi. Yana lura da halin jarumi, yana sauraron abokansa, kuma yana gane na asali. A lokacin kada ku ruɗe shi, ku gaya masa gaskiya.