Kafin ka sare reshen da iska ta karya

'Yan uwa mazauna Jidda, in guguwa ta karya reshen darbejiya a gidanka, kada ka fara yanka ta sama.

Fara tsaga shi ta ƙasa, kamar sulusin kaurinsa. Sannan ka sa zarto ta sama, ɗan gaba da tsagar, ta wajen ƙarshen reshen.

Reshe mai nauyi in ya faɗo yakan ɓare ɓawon bishiyar har ƙasa. Ruɓa ta shiga, baɗi ka biya a sare ta gaba ɗaya. Ni ganau ne, riyal ɗina sun tafi a banza.

Amma in reshen ya hau wayar lantarki, ko ƙasa ta tsage a gindin bishiyar, ajiye zarton nan. Janye yara, ka kira 998, lambar 'yan kwana-kwana.