Yadda ake busar da hatsi a adana shi bayan girbi

Kaka lokacin gaggawa ce. Amfanin gona ya nuna, dabbobi na jiran ruwa da abinci, ga hadarin ƙarshen damina na iya haɗowa ba sallama. A wannan gaggawar ce hatsi mai yawa ke lalacewa bayan ya iso gida, kuma babban dalili shi ne danshi.

Da farko ka tabbatar amfanin ya nuna sosai. Idan masara ce, ɓanɓaro ƙwaya ɗaya ka duba gindinta inda ta manne da totuwa. Baƙin ɗigo a wurin na nufin ta gama cika. Ka yi girbi ranar da gari ya waye tarwai, bayan raɓa ta bushe. Kada ka zube goyon a ƙasa tsirara, domin a cikin ƙasa ne ƙwayar fumfunar da ke haifar da gubar afulatoksin take zaune. Gubar tana lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta.

Sai shanya, wadda ita ce zuciyar aikin. Shimfiɗa tamfol ko tabarma, ka baza hatsin siriri, kana juya shi sau da yawa a wuni. Da yamma a tattara a rufe, don raɓar dare tana mayar da aikin baya. Kaji da awaki kuwa, sai an sa musu ido ko an killace su.

Masara da dawa suna son danshinsu ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100 kafin su shiga buhu. Gyaɗar da aka ɓare tana buƙatar ƙasa da haka, kamar kashi 7. Mutane da yawa suna gwadawa da haƙori, in ƙwaya ta fashe ƙaras su ce ta bushe. Ba laifi, amma haƙori yakan yaudari mutum. Gwajin gishiri ya fi: samo busasshiyar kwalba ta gilas, zuba hatsi ya kai kashi ɗaya bisa uku, ƙara cokali 2 ko 3 na gishirin da ka shanya ya bushe ƙayau. Rufe, girgiza na minti 1, ka ajiye ta minti 15. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, danshin ya haura kashi 15, a mayar da hatsin rana.

Daga nan a yi sussuka a hankali, don fasasshiyar ƙwaya ita ƙwari suka fi saurin shiga. A sheƙe, a tsince masu baƙi da masu fumfuna a zubar. Kada a ba dabbobi, gubar tana bi ta cikin madara.

Kafin sabon hatsi ya shiga rumbu ko ɗakin ajiya, a share shi tas, a fitar da ragowar na bara, a toshe ramukan ɓera. Haɗa tsoho da sabo raba wa ƙwari abinci ne kawai. Hatsin da ya sha rana a bar shi ya huce a inuwa kafin a ɗura.

Wanda ya samu buhun da ba ya shan iska, irin PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, ya huta da maganin ƙwari. Leda biyu ce a ciki da buhu a waje. A matse iskar, a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su shaƙe sauran iskar su mutu. Amma huda ɗaya ta ɓata shi, kuma ɗanyen hatsi ko a ciki zai ruɓe. A jera buhuna bisa katako, nesa da bango, a riƙa zagayawa duk mako biyu ana duba cizon ɓera da ɗigar rufi.