Yadda ake taimakon wanda ya ƙone kafin a isa asibiti

Wallahi duk lokacin hunturu raina na ɓaci, yara na zagaye da kaskon wuta, ga tukunyar ruwan wanka a tsakar gida. Bara kunu ya kwarare wa 'yar maƙwabciyata a cinya, kafin in fito an lafta mata makilin da ɗanyen ƙwai, sai da nas ta kankare shi tas yarinya na ta ihu.

To abu na farko ruwa ne. Ki sa wurin ƙarƙashin famfo ko ki dinga kwarara ruwan randa da moɗa har minti 20, ba ƙanƙara ba, ita ƙanƙara ƙara kashe fatar take. In jariri ne ki lulluɓe sauran jikinsa kar sanyi ya kama shi. Ana cikin haka ki cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba, amma rigar da ta manne da fata ki bar ta.

Sai ki rufe da tsumma mai tsabta marar gashi-gashi, banda auduga, banda manja da gishiri da toka. Bororon da ya taso don Allah kar a fasa shi.

A asibiti za ki ji ana cewa digiri. Digiri na 1 fata ta yi ja tana raɗaɗi, na 2 shi ne mai bororo, na 3 kuwa wurin ya yi fari fat ko baƙi kamar ƙirgi kuma ba ya zafi saboda jijiyoyin sun mutu, nan mutane ke ruɗuwa su ce ai da sauƙi alhali shi ne mafi muni, har yakan kai ga dashen fata. In sun ce fasen kaza, faɗin ƙunar suke nufi, tafin hannun mai ƙunar haɗe da yatsunsa kusan kashi 1 cikin 100 ne na jikinsa, da wannan lissafin suke sanin ƙarin ruwan da za a ɗaura masa. Diresin kuma wanke ciwon ne da naɗe shi, ki kuma tambayi allurar tetanus.

Ido kuwa, in ruwan batir ko soda ya fantsama, a ware fatar idon a yi ta zuba ruwa aƙalla minti 20, kar a murza, kar a ɗiga nono ko a sa kwalli, sannan a garzaya wurin likitan ido.

Ƙunar fuska, hannu, gaba, ta lantarki, ko ta ƙaramin yaro, ko ƙarama ce a tafi asibiti ranar.