Yadda Za Ka Gane Ambaliya Na Tafe a Legas

Mu da muka taso a Arewa, gabas muke duba: hadari ya haɗo, a kwashe shanya. A Legas wannan bai wadatar ba, domin ruwa kan ci gida rana na tsaka, ko ɗigo bai sauka ba.

Fara dai da sama. A farkon damina da ƙarshenta, wajen Afirilu da Oktoba, hadari mai iska daga gabas yake tasowa. In gari ya ɗau zafi, ganye ya daina motsi, can sai sanyi ya bugo, naɗe lemar shago ka nisanci allunan talla. Ka ga walƙiya, ƙirga: duk daƙiƙa 3 kafin tsawa kilomita 1 ke nan. In ƙirgar ba ta kai daƙiƙa 30 ba, shiga ɗaki. Ruwan Yuni da Yuli kuwa daga teku yake zuwa, sama ta yi toka-toka ya wuni yana zuba, kamar wanda ya mamaye gari ranar 10 ga Yuli, 2011.

Daga nan leƙa kwatar ƙofar gidanka. In robobi sun tsaya suna kewaya wuri ɗaya, ko ruwan na komowa baya, ko dai ta toshe ko tekun ya cika. Duba wata ma. Teku ya fi tumbatsa a tsayuwar wata da daren sha huɗu, ruwan sama mai ƙarfi a waɗannan kwanaki ba ya samun mafita.

Wanda ya fi damuna shi ne kogin Ogun. 'Yan'uwanmu na Kara, Isheri, Mile 12 da Agiliti, idan aka saki ruwan madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta, galibi a Satumba da Oktoba, ta wannan kogin yake sauka kanku. Kafa turke a bakin ruwa, ka yi masa zane safe da yamma. Ruwa ya yi ja, ya ɗebo kainuwa da itace, zanen safe ya nutse kafin la'asar ba a yi ruwan sama ba? Don Allah kada ka jira gobe. Kora shanu tudu, ɗora buhunan albasa kan katako, ka sanar da Sarkin Hausawa da maƙwabta.

Ruwa ya fara shigowa, kashe wuta daga mita tun ƙafarka na bushe, ƙulle takardu a leda, fitar da yara da tsofaffi. Kada ka ratsa ruwan da ba ka ganin ƙasansa, akwai kwatoci marasa murfi. Lambar agajin gaggawa ta jihar Legas 767 ce ko 112.