Tompouce ɗin 'yan Holan: inda ake yawan kwafsawa in za a yi shi a gida

Uwargida, in baki san tompouce ba, wani ɗan abin maƙulashe ne na mutanen Holan, dogo mai kusurwa huɗu, ɓawon paf pestiri (ƙullun fulawa da bota mai hawa-hawa) sama da ƙasa, kastad mai kauri a tsakiya, sai a shafe samansa da aisin (garin suga da aka dama da ɗan ruwa) mai kalar ruwan hoda. Ranar bikin sarkinsu, 27 ga Afrilu, sai su mai da aisin ɗin kalar ruwan lemo, haka ma in ƙungiyar ƙwallonsu na buga babbar gasa. A ido kamar ba wuya, amma ni dai na farkon da na yi cokali muka sa muka sha abinmu.

Tun daga ɓawon ake fara ɓata shi. Mun saba in an sa abu a obin ana so ya tashi, to nan akasin haka ake nema. In kika bar shi zai kumbura ne kamar fanke, gefe ya fi gefe, kastad ya rasa wurin zama. Ki murza shi da faɗi, ki tsattsaga shi da cokali mai yatsu ko'ina, ki rufe da takardar gashi sannan ki danne da wani tire, wuta wajen digiri 200, minti 20 zuwa 25. Kar ki cire shi yana fari fat, sai ya yi ja kamar soyayyen cincin, don fari yana shan danshi nan take ya koma kamar roba. Kuma da zafin garinmu botan da ke cikin ƙullun saurin narkewa yake, in kin ji ya fara laushi a hannu ki mayar firij ya huta tukun.

Kastad ɗin kuwa nan ne ake kuka. Ba irin na karin kumallo ba ne da ake damawa kamar koko, wannan sai ya tsaya da ƙafarsa. Madara rabin lita, gwaiduwar ƙwai 4, suga giram 100, kwanfulawa giram 45, da fanila. Ki kaɗa gwaiduwar da suga da kwanfulawar, ki tafasa madarar daban. Wasu sai su juye tafasasshiyar madara gaba ɗaya kan ƙwan, ya dahu ya yi gudaji, a'a, kaɗan-kaɗan za ki zuba kina kaɗawa, sannan ki mayar kan wuta. To ga inda tsoro ke cutar mutane: da sun ga ya fara kauri sai su sauke wai kar ƙwai ya tsinke. Ki bar shi ya tafasa yana ɓul-ɓul minti ɗaya zuwa biyu kina juyawa ba tsayawa, kwanfulawar na kare ƙwan, kuma akwai wani sinadari a gwaiduwa da ke tsinka sitaci in bai ji wuta sosai ba, shi ya sa za ki ga kastad ya yi kauri da dare da safe ya zama ruwa. In kin sauke ki manna leda a fuskarsa, ta taɓa shi, in ba haka ba ya yi fata.

Masu ƙara jelatin don ya ƙara tsayuwa, don Allah a karanta kwali, da yawa na Turai daga alade ake yinsa, a nemi mai tambarin halal ko a haƙura da shi.

Sai yanka. Kar ki haɗa komai sannan ki ɗora wuƙa daga sama, wallahi duk kastad ɗin ta gefe zai tsere. Ɓawon sama shi za ki fara yayyankawa da wuƙar burodi, kamar santimita 10 tsawo, faɗi 4 ko 5, ki kifa su gefen da ya fi santsi ya kalli sama, ki shafa aisin bayan sun huce sarai. Aisin ɗin ma da ɗigo ake sa masa ruwa, in ya yi tsululu gangarowa zai yi. Ni ruwan zoɓo nake ɗigawa, kalar na fita kuma ɗan tsaminsa na rage zaƙin. Ki shimfiɗa kastad a ɓawon ƙasa, kaurinsa kamar yatsu biyu, ya shiga firij ya kama jiki aƙalla awa uku, ki jera na saman, wuƙa ta bi ta tsakaninsu.

In wuta ba tabbas a unguwarku kar ki fara ranar, abu ne na madara da ƙwai, ba ya jure zama a waje. Kuma ba ya son kwana, washegari ɓawon ya jiƙe, ranar da za a ci ake haɗawa.

Cin sa ma rigima ne ko a Holan ɗin, kina gatsa ya fito ta baya. Wasu cire na saman suke su ci daban, wasu su mayar da shi ƙarƙashi. Yarana dai aisin suke fara lashewa.