Yadda Ake Samun Tallafin Noma na Gwamnati a Jihar Gombe

Tallafin noma ba kasafai yake zuwa a matsayin kuɗi a hannu ba. Rangwame ne: gwamnati ta ɗauki wani kaso na kuɗin taki da iri, manomi ya biya sauran. Tun 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, aka fara turo wa manoma saƙo ta waya su je su karɓi kayansu. Shirin NAGS-AP na noman alkama da aka ƙaddamar a ƙarshen 2023 da kuɗin Bankin Raya Afirka ma haka ya bi, rabi gwamnati rabi manomi. Wanda sunansa ba ya cikin rajista ba shi da rabo, ko da gonarsa ta kai girman gari.

Da farko ka gyara layin wayarka. Ya zama naka ne, an haɗa shi da lambar NIN ɗinka, kuma sunan ya yi daidai da na asusun banki. Nan ake yawan faɗuwa. Mutum sunansa Muhammadu a katin ɗan ƙasa, Mamman a banki, layin kuma na ɗansa ne da ke karatu a Kashere. Saƙo ya shigo, yaro ya ɗauka na 'yan damfara ne, ya goge.

Daga nan sai ka nemi malamin gona na yankinku, ko ka je sashen noma a sakatariyar ƙaramar hukuma, ka tambayi lokacin rajista. Kar ka jira hadari ya haɗu. Mai noman damina ya fara bibiya tun cikin bazara. Mai noman rani a Dadin Kowa ko Balanga kuwa tun kafin a gama girbi. Shiga ƙungiya, kamar AFAN ta manoma baki ɗaya, ko RIFAN ta manoman shinkafa idan shinkafa kake nomawa, domin sau da yawa ta hannunsu ake tattara sunaye. Idan aka zo auna gona, ka tsaya da kanka a ɗauki wurin, ka faɗi haƙiƙanin girmanta.

Idan saƙo ya iso, ka tafi cibiyar rabo da wayar, da katin shaida, da kasonka na kuɗi. Ka karɓi rasit. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa "a saka sunanka", rabu da shi.

Kafin ka ɗora buhu a kan babur, duba shi da kyau. Kilo 50 ne cikakken buhu. Ka ga ɗinkin baki na kamfani ne ko an farke an sake, ka taɓa ka ji ko takin ya dunƙule saboda danshi. Ka tabbatar an ba ka takin kamfa (NPK) da na yuriya duka idan haka saƙon ya nuna.

A bakin ƙofa za ka tarar da masu cewa ka sayar musu a ba ka kuɗi nan take. A ganina cinikin asara ne, domin tsakiyar damina sai ka sayi buhun nan da tsada a kasuwa. Kai shi gida, ka ɗora a kan katako nesa da bango. Masara tana son kamfa cikin mako biyun farko bayan shuka, yuriya kuma wajen mako na biyar zuwa shida, a tona gefe a rufe da ƙasa.