Kurakuran da Sababbin Hannu Ke Yi wa Tsofaffin Kayan Katakon Walnat

Na gaji da ganin yadda sababbin hannu ke lalata kabad da kujeru masu sassaƙa na katakon walnat (wata bishiya mai katako ruwan ƙasa), irin waɗanda aka ƙera a ƙarni na 19 bisa kwaikwayon salon Renesans na Italiya da Faransa, kuma kusan duk ɓarnar da ake kawo mini ta faro ne daga son a ga kaya sun yi ƙyalli.

Kuskure mafi muni shi ne kankare tsohon shafen da ke jikin katakon, kuma ni kaina na taɓa aikata shi. A farkon shigata wannan sana'a na sayi wani kabad na Faransa, irin salon da ake kira Henri II, mai ginshiƙai da kawunan zakuna. Ganin ya yi duhu, sai na wanke shi da soda mai ƙuna, na bi shi da sanfefa. Sodar ta kashe launin katakon, ruwan ya narkar da gam har siraran fallayen da aka manna a ƙofofinsa suka ɗago, sanfefar kuma ta cinye kaifin sawun kurfi, ganyayen da aka sassaƙa suka zama kamar sabulun da ya sha wanka. Na sayar da shi ƙasa da yadda na saye shi, kuma har yau abin yana ci mini rai. Duhun nan da kuke ƙyama shi ne abin da shekaru sama da ɗari suka tara, kuma babu kafintan da zai iya mayar da shi. Wanda ya ga haka kuma ya ɗauki sanfefa, ko ya shafa banish ɗin roba na zamani, ba gyara ya yi ba, ta'adi ya yi.

Abin da nake yi yanzu shi ne in ɗiga ɗan sifirit a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Idan shafen ya yi laushi, to shalak ne, wato shafen da ake yi da ƙaron wani ƙwaro, sai in kiyaye shi daga duk abin da ke ɗauke da sifirit. Ina share ƙura daga cikin sassaƙar da burushi mai taushi, sannan in shafa kakin zuma kaɗan sau ɗaya a shekara. Wasu masu gyara suna ƙara mai, ni ba na yi, domin yana kama ƙura yana danƙarewa.

Kuskure na biyu shi ne biyan kuɗin asalin kayan Renesans na ƙarni na 16 a kan aikin ƙarni na 19. Tun da Fourdinois, mai ƙera kayan katako ɗan Faransa, ya baje babban kabad ɗinsa na walnat a baje kolin Landan na 1851 salon ya bazu, kuma zuwa baje kolin Filadelfiya na 1876 masana'antun Grand Rapids a jihar Mishigan ta Amurka suna fitar da irin waɗannan kaya da inji. Ku zaro durowa ku duba, ku leƙa bayan kabad ɗin! Sawun zarto mai lanƙwasa alamar inji ce, wato ba aikin ƙarni na 16 ba, haka ma haɗin kusurwar durowa mai zagaye-zagaye da ake kira haɗin Knapp, wanda aka yi wa rajista a 1867. Zama aikin ƙarni na 19 ba aibi ba ne, domin sassaƙar Luigi Frullini na birnin Fulorans a Italiya, wanda ya yi aiki a ƙarnin, tana gidajen tarihi, amma kowane zamani da farashinsa.

Idan ƙafar kujera ta saki, a yi amfani da gam ɗin fata irin na asali, wanda ruwan ɗumi ke warwarewa, kada a buga ƙusa. A guji man feshi mai silikon. Ramukan ƙwaro ba abin tsoro ba ne sai idan sabon gari mai haske yana zubowa daga cikinsu. Kada a ja kabad a ƙasa, a raba samansa da ƙasansa a ɗauka, kuma a nisanta shi daga taga mai rana. Wanda ya kai irin waɗannan kaya gida kuwa ya sani cewa bushewar hunturu tana tsaga allunansu, don haka ya riƙa rufe ɗakin, ya sami na'urar ƙara laima, ya riƙe danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari.